Movember: Tara Gashin Baki Don Lafiyar Maza

Al'adar Movember ta samo asali ne a birnin Melbon na Ostareliya a 2003, lokacin da Travis Garone da Luke Slattery suka shawo kan abokansu, maza 30 suka bar gashin baki tsawon watan Nuwamba. Da wasa aka fara, ba a tara ko kwabo ba. Sai a 2004 aka soma karɓar gudummawa don yaƙi da sankarar mafitsara ta maza.

Ƙa'idar mai sauƙi ce: ranar 1 ga wata mutum ya aske fuskarsa tas, sannan ya bar gashin baki kaɗai, banda gemu. Duk wanda ya tambayi dalili, an samu ƙofar yi masa zancen zuwa asibiti gwaji, abin da maza da yawa ke ƙyuyar yi.

A 2007 al'adar ta isa Amurka, Kanada da Birtaniya. Yanzu ana kashe kuɗin da ake tarawa har a kan sankarar maraina da lafiyar ƙwaƙwalwa.