Daga Duwala zuwa Rihanna: tarihin amshin da ya kai manyan mawaƙa kotu

Waɗanda munka yi zamanin lise wajen 2008 ba za mu manta da waƙar Rihanna mai suna "Don't Stop the Music" ba. Gidajen rediyo sun saka ta, an yi ta tura ta daga salula zuwa salula. Amshin nan da ke maimaituwa cikinta, da yawanmu mun ɗauka surutu ne kawai na Amurkawa. Ashe daga maƙwabta ya taso, daga Kamaru.

A 1972 Kamaru ta karɓi gasar cin kofin ƙwallon Afirka. Manu Dibango, mai busa saksofon, haifaffen Duwala a 1933, shi ya shirya waƙar gasar. Da yake faifai fuska biyu gare shi, sai ya cike bayan da wani kiɗa da ya kira "Soul Makossa", inda yake wasa da kalmar makossa, sunan kiɗan rawar mutanen Duwala. Kongo ta fid da Kamaru a wasan kusa da na ƙarshe, faifan kuma bai yi kasuwa a gida ba.

Amma rabo ba ya ɓata. A birnin New York wani mai saka faifai, David Mancuso, ya tsinci faifan a shago, ya riƙa saka shi wurin rawa. Ɗan rediyo Frankie Crocker ya ɗauka a tashar WBLS. Mutane sunka yi ta nema, babu. Kafin kamfanin Atlantic ya sayi izinin fitar da shi, makaɗa da dama sun riga sun kwaikwaya sun kai kasuwa. A 1973 waƙar ta kai matsayi na 35 a jerin Billboard.

A 1982 Michael Jackson ya fitar da Thriller. Waƙar farko ta kundin, "Wanna Be Startin' Somethin'", ta ƙare da amshi irin na Dibango, ba sunansa, ba izininsa. Dibango ya kai ƙara, daga baya anka sasanta a wajen kotu, anka biya shi.

A 2007 sai ga Rihanna. Masu shirya mata kiɗa sun yanko wannan gutsiren daga waƙar Jackson sunka liƙa cikin tata. Sun nemi izinin Jackson, ya ba su, amma ba wanda ya tuntuɓi mai asalin abin. Waƙar ta kai matsayi na 3 a Amurka, ta ɗaya a Faransa, har ta shiga takarar Grammy a rukunin kiɗan rawa. A Fabrairun 2009 Dibango ya maka su biyun gaban kotu a Paris, yana neman Yuro 500,000, wato sama da miliyan 327 na sefa. Alƙali ya ƙi karɓar ƙarar, domin shekara guda kafin nan Dibango ya samu a saka sunansa jikin faifan Rihanna da ake fitarwa a Faransa, ya kuma janye ƙararsa ta lokacin. Ya rasu ranar 24 ga Maris 2020 a Faransa, sanadin korona.

To mi ya shafe mu? Kullum ƴan uwa matasa na kawo mana sabbin waƙoƙi studiyo, sai mu ji kalangun wani tsoho ko muryar wata zabiya an yanko an ɗora bisa kiɗan kwamfuta. Muna tambaya: an gaya ma iyalansu? Sau da yawa shiru ne amsa. Mu ma da ke sakawa ba mu cika faɗin sunan mai asali ba, laifin har da mu.

Dibango na da faifai mai ɗauke da sunansa da shekara, yana da lauyoyi a Paris, duk da haka sai da ya sha wuya. Ina ga makaɗin da ba a taɓa rubuta sunansa ko'ina ba? Mai waƙa ya je BNDA, hukumar kare haƙƙin masu fasaha, ya rajista aikinsa. Mai aro kuma ya nemi izini tun kafin waƙa ta fito. Mu haɗu a shiri na gaba, Allah shi kai mu.