Ƙasar gangare da zabtarewarta

Dutse ma yana tsufa. Zafin rana, sanyin dare da ruwan sama suna rugurguza shi sannu a hankali, har ya koma tsakuwa, yashi da yumɓu. Wannan ƙasa ce take kwance a gangaren tuddan Adar, daga Illela da Tajaye zuwa Malbaza da Birnin Ƙonni.

Yadda tudu yake

A saman tudu akwai marmara da jan dutse mai tauri. A ƙarƙashinsu akwai farin dutse, irin wanda ake yin siminti da shi a Malbaza, tare da shimfiɗun yumɓu. Yashi da tsakuwa suna barin ruwa ya wuce. Yumɓu kuwa yana riƙe shi. Da rani yakan bushe ya tsage. Da damina ruwa ya bi tsagar, yumɓun ya kumbura, ya yi nauyi da santsi. A lokacin ne ƙasar da ke bisansa take iya sulɓewa.

Me ke kawo zabtarewa?

A wasu ƙasashe girgizar ƙasa ce. A Nepal, girgizar shekarar 2015 ta zabtar da dubban gangare. Yankinmu ba wurin manyan girgiza ba ne. A nan ruwa da haƙa su ne sanadi. Ambaliya tana cin gindin gaɓar kwari har samanta ya rufto. Masu haƙar yashi da ƙasar gini su ma suna ƙwaƙule gindin gaɓa. A watan Nuwamba na 2021, ramin zinariya ya rufta a Ɗan Isa, cikin jihar Maraɗi, mutane akalla 18 suka rasu.

Alamun haɗari

Tsaga mai tsawo a bakin gaɓa. Itace da ya soma karkata. Ruwa mai tsatsowa daga jikin gangare. Tsakuwa tana gangarowa ba a taɓa ta ba.

Abin da ya kamata a yi

Kada a gina ɗaki a bakin kwari ko a gindin gangare mai tsayi. Kada a haƙa rami ƙarƙashin gaɓa, a kuma hana yara fakewa a can. A jera duwatsu a gicciye, a dasa itatuwa da gamba domin saiwoyinsu su ɗaure ƙasa. A kan fako a yi tassa da rabin wata, kamar yadda manoman Illela suke yi tun 1989, domin ruwa ya tsaya a gona maimakon ya zubo kwari. Wanda ya ga tsaga ya sanar da maigari tun kafin ruwa na gaba ya sauka.