Ababen Hawa Masu Aiki da Lantarki a Jega, Aliero da Maiyama: Amfaninsu ga Muhalli da Inda Amfanin Ya Tsaya

Tsakure

Maƙalar ta yi nazarin dacewar ababen hawa masu aiki da lantarki da yanayin sufuri a ƙananan hukumomin Jega, Aliero da Maiyama na Jihar Kebbi. An auna hayaƙin da man fetur ke fitarwa da irin wutar da ake samu a yankin, sannan aka dubi zafin gari da makomar mataccen batir. Sakamakon ya nuna cewa amfanin ya rataya ne a kan tushen wutar caji, kuma babur da keke napep sun fi mota dacewa da wannan sauyi.

Gabatarwa

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, daga baya ta zarce 1,000. Ɗan kabu-kabun da ke jigila tsakanin kasuwar Jega da ƙauyukan Maiyama ya ji wannan a jikinsa, haka ma manomin albasa na Aliero da ke ba gonarsa ruwa da injin fetur. Gwamnatin Tarayya kuwa ta yi alkawari a taron sauyin yanayi na Gilasgo na 2021 cewa Nijeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take shafewa kafin 2060. A shekarar ce hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, ƙarƙashin Jelani Aliyu, ta buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, Sakkwato.

Amfani ga Muhalli

Kowace litar fetur da aka ƙona tana sakin kusan kilo 2.3 na iskar kabon. Babur ɗin haya da ya sha lita 4 a yini ya saki fiye da kilo 9 ke nan, ban da hayaƙin da mai tuyar ƙosai da yaran talla ke shaƙa a bakin tasha. Injin fetur yana ɓarnatar da kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfin man a matsayin zafi, alhali injin lantarki yana mayar da fiye da kashi 80 cikin ɗari na wutar batir zuwa tafiya. Injin lantarki ba ya buƙatar baƙin mai, wanda akan zubar a ƙasa a garejin makanikai har ya gangara fadama.

Tushen Wuta

Nan ne gizo ke saƙa. Kebbi tana samun wuta ta babban layin da ya taso daga Kainji zuwa Birnin Kebbi, kamfanin Kaduna Electric ne ke rarraba ta. Madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, wutar ruwa take bayarwa, amma mafi yawan wutar ƙasa daga iskar gas ake samar da ita, kuma abin da ke isa ga jama'a sama da miliyan 200 bai cika wuce megawat 5,000 ba. Idan an ɗauke wuta, mai shagon caji janareta zai tayar. Ƙaramin janaretan fetur yakan sha fiye da rabin lita kafin ya ba da kilowat ɗaya na awa guda. Da wannan lissafi, babur ɗin lantarki da aka yi wa caji da janareta zai iya cin man da ya kai na babur ɗin fetur. Hayaƙin ya bar bututun salansa ne kawai ya koma bayan shago. A ganin wannan maƙala, duk shirin da ya kawo ababen hawa bai kawo faifan sola tare da su ba, bai taɓuka wa muhalli komai ba.

Rana kuwa yankin yana da ita a wadace. Rumfar sola inda ɗan kabu-kabu zai ajiye batirin da ya ƙare ya ɗauki cikakke ta dace da gajeren zango irin na Jega zuwa Aliero. Manyan motocin da ke kwasar albasa zuwa kudu ba su cikin wannan lissafi tukuna, saboda nisan tafiya da nauyin kaya.

Zafi da Mataccen Batir

A watannin Maris da Afrilu zafi yakan haura digiri 40, kuma zafi na rage wa batirin litiyam kwana, musamman idan aka yi masa caji a tsakar rana ba inuwa. Batir shi ne mafi tsada a jikin abin hawan, don haka mai ƙaramin ƙarfi zai karkata ga batirin darma mai araha. Wannan abin tsoro ne. Idan 'yan gwangwan suka fasa shi da guduma, ruwan batir yana malala a ƙasa, ƙurar darma kuma ta shiga gida. Maƙwabciyarmu Zamfara ta rasa yara kusan 400 a 2010 saboda gubar darma, ko da yake daga haƙar zinariya tasu ta fito. Ya kamata dillalin da ya sayar da batir ya ɗauki nauyin karɓarsa idan ya mutu, kuma Jami'ar Kimiyya da Fasaha da ke Aliero, wadda aka kafa a 2006, ita ta fi dacewa da auna tsawon rayuwar batir a zafin wannan yanki kafin a zuba jari mai yawa.