Makarantu Biyu Na Aikin 'Yan Sanda

Aikin ɗan sanda sana'a ce, ita kuwa sana'a a wurin gwani ake ɗauko ta. Saboda haka tun da daɗewa ƙasashe suke aika hafsoshinsu koyo a wajen juna, ko kuwa su ari wani ƙwararre ya zo ya gyara musu aiki. Amma ya kamata mai karatu ya lura, wanda ya tafi koyo ba fareti da rubuta rahoto kaɗai yake komowa da su ba, har da halin malaminsa.

A zamanin mulkin Ingilishi makarantu biyu ne suka shahara. Ta fari ita ce ta birnin Landan, wadda Sir Robert Peel ya kafa a 1829. Ɗan sandanta ba ya riƙon bindiga, sai kulki, ƙarfinsa kuwa yardar jama'a ne. Ta biyu ita ce ta ƙasar Ailan, wadda aka tsara a 1836. Mutanenta suna da bindigogi, suna kwana a bariki kamar soja, ba a kuwa ajiye mutum aiki a yankin da aka haife shi, don kada sanayya ta hana shi cika umurni.

Da Turawa suka ci ƙasashe, sai suka ga ta biyun ta fi dacewa da bukatarsu, gama mai mulkin mutanen da ba su gayyace shi ba, biyayya yake nema. Daga 1907 aka riƙa tura sababbin hafsoshi Turawa barikin horo na birnin Dublin kafin su tafi ƙasashen Afirka, har da Nijeriya. Ko da aka rushe rundunar Ailan a 1922, al'adarta ba ta mutu ba, don ɗaruruwan mutanenta sun wuce Falasɗinu aiki.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka so a sake hanya. Aka ari Arthur Young, shugaban 'yan sandan tsohon birnin Landan, ya tafi Gwalkwas a 1951, sa'an nan Malaya a 1952, inda ya yi ta koya wa 'yan sanda cewa su bayin jama'a ne. A 1954 aka kai shi Kenya, ana tsakiyar rikicin Mau Mau. Ya nemi a bar ɗan sanda ya bi shari'a kaɗai, ya binciki laifi ko da na ma'aikacin gwamnati ne, ba tare da jami'an mulki sun sa baki ba. Gwamna Baring bai yarda ba. Shekara ba ta cika ba Young ya ajiye aikin ya koma gida. Icen da aka tanƙwara tun yana ɗanye, wuya ne baƙo ya miƙar da shi.

Ba a jima ba almajirai suka zama malamai. Kwango ta sami mulkin kai ran 30 ga Yuni 1960, alhali Beljiyam ba ta horar da hafsa ko ɗaya daga 'yan ƙasar ba. Cikin 'yan kwanaki sojoji suka yi bore. Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi gudummawa, 'yan sandan Gana suka tafi, daga baya na Nijeriya suka karɓe su a birnin Leopoldville, watau Kinshasa. Har bayan da sojojin Majalisar suka janye a 1964, na Nijeriya suka saura can suna taimako.

To, abin da tarihin nan yake nunawa shi ne, aron gwani yana da amfani ƙwarai, amma ba ya wuce niyyar mai aron. In hukuma tsoro take so a ji, ko wace makaranta ta aika yaranta, masu tsoratarwa za ta samu. Sai ta fara yanke shawarar wanda ɗan sanda zai yi wa aiki, sa'an nan ta zaɓi malami.