Dandalin Rum a Zanen Turner: Kangon da Ya Koma Makiyaya

A shekarar 1839 ne mai zanen nan na Ingila, J. M. W. Turner, ya baje wa jama'ar Landan wani zane na fentin mai da ya yi wa laƙabi da Rum ta Zamani, Campo Vaccino, wanda ya zana daga abin da ya riƙe a ka da kuma ƙananan zane-zanen da ya tara a ziyarce-ziyarcensa zuwa birnin Rum a 1819 da 1828. Ma'anar Campo Vaccino a harshen Italiyanci ita ce filin shanu, sunan da mazauna birnin suka laƙaba wa tsohon Dandalin Rum, wato filin da ke tsakanin tsaunukan Kafitolin da Falatin inda majalisar dattawa da kotuna da wuraren bauta suka taru a zamanin daular Rum.

Bayan rushewar daular ta yamma a shekarar 476, mutanen birnin sun yi ta raguwa, ƙasa ta yi ta binne gine-ginen har ginshiƙai suka nutse, magina kuma suka riƙa kwasar duwatsu suna ƙona marmara domin samun farar ƙasa. Wasu gine-ginen sun tsira ne saboda an mai da su majami'u, kamar haikalin Antoninus da Faustina, sauran filin kuwa ya zama makiyaya da kara, har wani katafaren kwano na dutse ya zama kwamin shayar da dabbobi kafin a ɗauke shi zuwa tsaunin Kwirinal a 1818.

Turner ya tsayar da mai kallo a bisa tsaunin Kafitolin, inda rana ke faɗuwa ta ɗaya gefen wata na fitowa ta ɗaya, hasken biyu ya gauraya har ginshiƙai da majami'u da Kolosiyam, babban filin wasan daular da ke can nesa, suka zama kamar ana hango su cikin hazo. Abin da ya fi fitowa sarai shi ne na kusa da ido: awaki a kan duwatsu, da talakawa zaune suna harkokin gabansu, babu wanda ya ɗaga kai ya dubi abin da baƙi ke ƙetare teku domin gani. A nan ƙarfin zanen yake, domin Hausa ta bambanta kufai, wurin da mutane suka tashi suka bari, da kango, ginin da ya lalace amma bangonsa na tsaye, kuma abin da Turner ya nuna kango ne da rayuwa ke gudana a gindinsa. Kuskure ne a ɗauki makiyayan a matsayin ado, tunda su ne ke wakiltar Rum ta zamani da sunan zanen ya ambata.

Wannan rayuwa ba ta daɗe ba bayansa, domin tonon da masanin kayan tarihi Carlo Fea ya fara a 1803, wanda takwaransa Giacomo Boni ya zurfafa daga 1898, ya kwashe ƙasar da ta taru, ya kuma kawar da dabbobi da masu su. Tarihi ya amfana da abin da aka tono, amma ƙarnonin da talakawa suka yi a wurin sun tafi tare da ƙasar da aka kwashe. Zanen yana gidan tarihi na Getty a Los Angeles, wanda ya saye shi a 2010 kan fam miliyan 29.7.