Johannes Zimmermann, Mai Juya Littafi Mai Tsarki Cikin Harshen Ga

Duk Bahaushen zangon Nima ko Maamobi da ke zuwa cin kasuwar Makola yana jin harshen Ga a bakin mata masu sayar da kifi. Ga su ne mutanen garin Accra tun asali. Cikin waɗanda suka yi wahalar rubuta harshen nan akwai wani Bajamushe, Johannes Zimmermann.

An haife shi a garin Gerlingen na ƙasar Jamus a shekara ta 1825. Mishan ɗin Basel, wanda daga cikinsa ne Ikkilisiyar Firesbiteriya ta Ghana ta fito, shi ya aiko shi. Ya sauka a Osu, bakin teku, a 1850. A lokacin nan zazzaɓi yana ta kashe Turawan mishan, har waɗanda suka fara zuwa a 1828 duka suka mutu cikin 'yan shekaru kaɗan.

A 1851 ya auri Catherine Mulgrave, baƙar mace wadda 'yan cinikin bayi suka sace daga Angola tana yarinya. Ta yi girma a Jamaika, ta zo Osu a 1843, ta zama malamar makarantar 'yan mata. Shugabanni a Basel suka yi fushi ƙwarai, gama bai nemi izninsu ba, kuma mijinta na fari yana da rai. Zimmermann bai janye ba. Ya zaɓi zama cikin mutanen ƙasar, yana cin abincinsu, yana jin maganarsu dare da rana.

A 1854 mutanen Osu suka ƙi biyan harajin Ingilishi, sai jirgin yaƙi ya yi wa garin ruwan wuta. Zimmermann da iyalinsa da masu bi suka ƙaura zuwa Abokobi. A can ya ci gaba da aiki tare da malamai 'yan ƙasa, waɗanda suke gyara masa kalma da karin magana. A 1858 aka buga littafinsa na nahawu da ƙamus na harshen Ga. Kafin ƙarshen 1866 dukan Littafi Mai Tsarki ya fito cikin harshen, an juya shi daga Ibrananci da Helenanci. Ya kuma yi shekaru fiye da goma a Odumase, cikin mutanen Krobo.

Irin wannan aiki ne Stephen Riggs ya yi a Amurka wurin kabilar Dakota, inda ƙamus ɗinsa ya fito a 1852. Hausawa kuwa sai a 1932 suka sami dukan Littafin cikin harshensu, shekara sittin da shida bayan mutanen Ga.

Ciwo ya sa Zimmermann ya koma Gerlingen, ya rasu a can a 1876. Matarsa ta dawo Osu, ta rasu a 1891. Akwai majami'a a Odumase da ake kira da sunansa.

Abin lura shi ne, auren nan da zaman nan da shugabanninsa suka ƙi, su ne suka sa shi kusa da masu harshen. Wanda yake so ya kai wa mutane Maganar Allah cikin harshensu, dole ya fara zama ɗalibinsu, ya yarda su gyara masa magana.