Riruwai: Kuzar da Ta Riga Turawa

Da an ambaci haƙar kuza sai hankali ya tafi Jos, kamar dai Turawa ne suka fara tona ƙasa a Arewa. Ni kuwa a ganina daga Riruwai ya kamata a ɗauko labarin, garin nan na ƙaramar hukumar Doguwa a kudancin Kano, maƙwabtanmu mu mutanen Furana da sauran ƙasar Ikara.

Duwatsun Riruwai ragowar wani tsohon dutse ne mai aman wuta. A tsakiyarsu akwai wata jijiya ta farin dutse mai ƙyalli, wanda muke kira ƙanƙara, ta miƙe gabas da yamma kimanin kilomita 5. Ita kanta ƙanƙarar ba ta da wata daraja. Abin da ta goyo shi ne dukiya, wato kuza da tutiya. Damina bayan damina ruwa ya yi ta zaizayar dutsen, yashi ya wuce, kuza kuwa saboda nauyinta ta kwanta a rafuka. Nan magabata suka same ta. Su wanke ta a ƙwarya, su narka da gawayi da zugazugi, su fitar da dalma sirara kamar tsinke, fatake su ɗauka zuwa kasuwar Kano da gaba da nan. A ƙarni na 19 wasu maƙeran suka yi ƙaura zuwa Ririwan Dalma ta ƙasar Bauchi da sana'arsu.

Waɗannan tsinkayen ne suka faɗa hannun 'yan kasuwar Kamfanin Neja a bakin Binuwai. Suka bi sawu: a 1902 kamfanin ya aiko masu bincike, a 1903, shekarar da Kano ta faɗi, Henry Laws ya isa tsaunukan Jos. Dokar mulkin mallaka ta mayar da duk arzikin ƙarƙashin ƙasa na gwamnati, aka yayyanka wa kamfanoni filaye, wutar maƙeran gargajiya ta mutu. Mai gano hanya ya koma ɗan dako.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne 1942. Da Japan ta ƙwace Malaya, Ingila ta rasa kuzar yaƙi, sai aka ƙaƙaba aikin tilas, wanda talakawa suka laƙaba wa suna ɗiban gwamna. Lardin Zazzau na cikin waɗanda aka yanka wa kaso. Ta hannun hakimai da dagatai aka kwashi manoma zuwa Filato, inda sanyi da yunwa da cuta suka halaka da yawa, har aka dakatar a 1944.

Ita jijiyar Riruwai, a shekarun 1970 aka haƙa rami zuwa cikinta da injuna. Farashin kuza ya rushe a kasuwar duniya a 1985, ramin ya zama kufai, ƙanƙara tana nan riƙe da ajiyarta.